Takardar Saki Daga Daji

Daga gida, zuwa sansanin bincike na cikin daji

Assalamu alaikum, Malam.

Ban san da wane suna zan kira ka yanzu ba, shi ya sa na koma wanda kowa yake kiran ka da shi. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kuma zazzaɓin nan da yake kayar da kai duk damina bai dawo ba. Innarka tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan tata. Na raka ta asibiti an canza mata magani. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai jiki ake nufi.

Ranar da direban motar kayanku ya ƙwanƙwasa ƙofa, ina zaune a ƙasa ina canza wa ganyayen bincikenka jarida, yadda ka koya mini: a ɗaga ganye a hankali, a shimfiɗa busasshiyar jarida, a mayar da katako a ɗaure. Na tashi da gudu har na taka ɗaya. Ya miƙo mini 'yar takarda a ninke, ko ambulan babu, ya ce, "Yau dai Malam ya yi rowar tawada, uwar ɗakina." Na yi dariya, na ba shi ruwa ya sha. Sai da na ji ya sauka daga bene na buɗe. Bari in kwafe maka, ko ka manta abin da hannunka ya rubuta:

"Gimbiya, a tsaye nake rubuta wannan, mota tana jira. Maganar da na daɗe ina juyawa a raina, yau na yanke. Na sa hannu a takardar saki. A ajiye rai a ɗaki, ana kai masa abinci, ana cewa kula ake yi da shi, wannan zalunci ne, kuma na daɗe ina yi. Ki taya ni da addu'a kada in yi nadama. Sauran bayani sai na samu natsuwa."

A littattafan da nake karantawa, in irin wannan takarda ta zo, kofi ne yake suɓucewa daga hannun yarinya ya fashe, ita kuma ta zube a sume, sai ta farka a gadon asibiti mutumin yana riƙe da hannunta yana kuka. Ni ba abin da ya fashe. Keken telan da ke ƙasanmu bai tsaya ba, famfon banɗaki yana ta ɗigar abinsa. Na zauna a bakin gado har ƙafata ta mutu, sannan na tuna na bar ganyayenka a buɗe za su nannaɗe, na koma na ƙarasa musu jaridarsu. Kukan sai washegari ya zo, ina wanke kofi ɗaya da faranti ɗaya.

Ban gaya wa Inna ba. Ɗanta ne ya kamata ya faɗa mata da bakinsa. Yayata kaɗai na kira a waya, ka kuwa san Yaya. Ta ce, "Wane irin mutum ne wannan, ya sake ki kuma ya ce ki taya shi da addu'a? Tattara komatsanki ki taho, ɗakin yara yana da wurin katifa." Na ce ta bari in ji sauran bayanin da ka ce zai zo. Ta ce, "Zauna nan kina jiran bayani. Mutumin da kwaɗin daji suka fi ki sanin muryarsa!"

Na jira. Motar ba ta sake zuwa ba, aka ce ruwa ya tafi da gada. Na je har ƙofar ofishinku na cikin gari, da niyyar in roƙa a kira mini kai ta rediyon da suke magana da ku. Sai na tuna duk sansanin ne yake jin abin da aka faɗa a ciki, na juyo.

Ba faɗa na zo yi ba, Malam, ba ni da ƙarfinsa. Abin da ka rubuta gaskiya ne. Tun da aka kawo ni gidan nan, in aka haɗa duk zaman da muka yi tare da kai, bai cika damina ɗaya ba. Abinci bai taɓa yanke mini ba, wannan shaida zan yi maka ita ko'ina. Ban taɓa buɗe baki na yi ƙorafi ba, don na ɗauka haka matar babban mutum take yi, ta zauna a bakin taga ta yi kyau tana jira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk wasiƙun da ka taɓa aiko mini, wannan ce ta farko da na ji ka dube ni sosai ka faɗi abin da ka gani. Ashe kana gani.

Na ɗaure kayana. Ka aiko mini da takardar da ka sa wa hannu, ka kuma faɗi wanda zan miƙa wa akwatunan ganyayenka, don ba sa son laima.

Ni ce, wadda ka sani.

*

Daga sansani, zuwa gida

Gimbiya, matata yau, matata gobe,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, zazzaɓin ya zo ya tafi, sai ɗan jiri in na miƙe da sauri. Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Jiya aka jera katakai a wurin gadar, mota ta shigo, aka miƙo mini wasiƙarki. Na karanta rabi na nemi kututture na zauna.

Aku ne, Gimbiya. Tsuntsaye. Aku na saki, ba ke ba.

Kin tuna waɗanda aka ƙwace bara a hannun masu fataucinsu, aka kawo mana a cushe cikin akwatunan katako, an yanke musu gashin fiffike, wasu danƙon tarko ya manne musu a ƙirji? Na ba ki labarinsu ba sau ɗaya ba. Mun gina musu babban keji a bayan sansani muna jiran gashi ya fito. Gashi ya fito tuntuni. Dattijon likitan dabbobinmu ya gwada jininsu ya ce ba su da cutar da za su kai wa 'yan'uwansu na daji. Ni ne na kasa. Kullum sai in samo dalili, yau in ce 'ya'yan itatuwa ba su nuna ba, gobe in ce an ga sawun masu tarko. Tsoro nake ji su koma hannun da suka fito. To, ba a buɗe keji sai shugaban bincike ya sa hannu a wata takarda, mu kuwa a nan takardar saki muke ce mata, har kunnena ya daina jin ɗaya ma'anar.

Na nuna wa Likita layukan da kika kwafo. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya sake karantawa a hankali, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Malam, kai da kake gane tsuntsu da kukansa ido a rufe, ka kasa jin abin da ka rubuta wa matarka?" Amma ke ma, Gimbiya, ko dai kina tsallake wurin tsuntsaye ne in kina karanta ni?

Mun buɗe musu ƙofa da safe muka koma nesa. Ba kora ake yi ba. Ana buɗewa ne, a ci gaba da ajiye abinci a saman kejin, wanda ya ga dama ya dawo ya ci. Wasu suka fita kamar an harba su. Wasu suka kwana a ciki, ga ƙofa a buɗe. Kowanne da zobe mai lamba a ƙafarsa, yanzu aikinmu shi ne bin su da madubin hangen nesa, wuya a sama har ya sage. Mun tsinci gashin ɗaya a gindin bishiya, shaho ya ɗauke shi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Akwai wani labari. Ban san ko wannan ce wasiƙar da ta dace da shi ba, amma in na bari sai wata motar. Rahoton da muka shafe shekaru muna haɗawa, na ƙidayar tsuntsaye da itatuwa da kwaɗi, an karɓe shi. An amince dajin nan ya zama wurin da doka ta kare, ba sara, ba farauta. Sun ce ni zan riƙe shi, da masu gadi, da shata iyaka, da zama da manoman gefen daji, duka. Na ce to.

Ki kwance kayanki, don Allah. In na tuna makonnin da kika yi da wannan abu a ƙirjinki, ke kaɗai, sai in ji kunyar kaina ta rufe ni. Ki yafe mini.

Mijinki.

*

Daga gida, zuwa sansani

Maigida,

Ka ga na dawo maka da sunanka. Ina gaishe ka, ina yi maka ya jiki. Jirin nan kada ka yi wasa da shi, ka riƙa cin abinci ko da shaho ya ɗauki tsuntsu. Inna ta ji daɗin sabon maganin, har ta taka zuwa kasuwa da ƙafarta.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, dariya sosai, har matar tela ta hau bene ta leƙo ta ga ko lafiya. Da dariyar ta wuce sai kunya ta zo. Na kira Yaya. Ta ce, "To, barka. An saki aku, ke kina nan a kejinki." Na kashe wayar.

Eh, ina tsallakewa. Ina bin wasiƙarka da yatsa ina neman inda nake, kamar yadda nake tsallake bayanin motoci da manyan gidaje a littafi in je inda masoyan za su haɗu. Yanzu na ɗauko tsofaffin wasiƙunka duka na karanta daga farko, ban bar ko layi ba. Aku suna nan a wurare da yawa, ka yi gaskiya. Ka san wanda ba ya cin abinci sai an juya masa baya. Ka san wanda yake fige gashin ƙirjinsa in an daɗe ba a zo wurinsa ba. Rubutu mai kyau, wallahi, ya fi na wasu littattafan da nake haya. Ni kuma ina can ƙasa, kusa da sa hannu: ki kula da kanki, ki kula da ganyaye.

Na yi maka murnar dajinka, kuma da zuciya ɗaya na yi. Na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya bi sawu cikin raɓa shekara da shekaru yana ƙirga abin da ba wanda ya damu da shi, har a wayi gari a saurare shi. Amma ka ce musu to kafin ka ce mini komai.

Bari in gaya maka abin da na gani a zaman bazawarar da na yi a banza. Ba abin da ya canza. Lokacin da nake tashi shi ne, kofin shayin shi ne, tagar ita ce, da tankin ruwan maƙwabta da nake kallo. A ce an saki mace, amma ko lokacin ɗora tukunyarta bai motsa ba! Wannan ya fi takardar tsorata ni.

Don haka na fara fita. Matar da nake hayar littattafai a shagonta ta daɗe tana yi mini faɗa wai ina ɓata mata kaya da fensir, don ba na iya ganin kalma a karkace in wuce ban gyara ba. Da ta ga idona a kumbure ta zaunar da ni, ta ce ƙanen mijinta yana da wurin buga littattafai a garin su Yaya, yana neman mai karanta rubutu ta gyara kafin a buga. Ya aiko da wasu shafuka na gwaji, na gyara na mayar. Ya ce in zo. Kada ka yi dariya. Na san wadda ta karanta labarin aku ta ga kanta a ciki ba ta da bakin cewa ta iya karatu, ka rufa mini asiri kada su ji.

Ban ba shi amsa ba, kuma ban kwance kayana ba. Taka nake jira. Ko dai in zo can in zauna tare da kai, ko a wane irin ɗaki ne, ko ka faɗa mini lokacin da za ka dawo gida ka zauna, ba ziyara ba. Ka sa amsar a layin farko, kafin tsuntsaye.

Matarka.

*

Daga sansani, zuwa gida

Gimbiya,

Ga amsa a layin farko, kafin ma gaisuwa: ban san ranar dawowata ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki wata rana don ki ji daɗi ba.

Yanzu ina gaishe ki. Jirin ya yi sauƙi, ina cin abinci. Na gode wa Allah da ƙafar Inna.

Maganar zuwanki nan. Na kwana biyu ina juya ta. Ɗakina na katako ne, rabinsa kwalabe da batura, rufin yana yoyo ta wajen ƙofa, kuma asibiti mafi kusa yana bayan gadar nan da kika ji labarinta. Na san za ki ce kin yarda da duk wannan, kuma na san ba ƙarya kike ba. Abin da ya fi shi ne, a tsarin da aka amince da shi, ba iyalin da zai zauna a cikin iyakar dajin, kuma ba a ƙara kafa ko bukka. Ni na rubuta wannan da hannuna. Makon jiya na zauna a ƙasa da wani dattijo da gonarsa take jikin iyaka, na roƙe shi ya janye bukkar da ɗansa ya kafa wa matarsa. Ya dube ni ya ce, "Kai taka matar a ina take kwana?" Na ce a gari. Ya ce, "To, na ji." Ya janye. In na kawo ki, da wane ido zan sake duban sa? An zana gidajen ma'aikata a wajen iyaka, amma har yanzu a kan takarda suke.

In kuma na ajiye aikin na dawo, za a turo wani daga birni wanda bai san kowa a nan ba. Kafin ya koyi sunayen manoma, masu sarar katako sun gama da gefen kogi. Shekarar da na fara zuwa, akwai wani ɗan tsuntsu da yake kuka a fadamar yamma duk asuba, har ya hana mu barci. Yanzu nakan je in tsaya a wurin in kasa kunne. Ba komai. Ba na son in ƙara jin irin wannan shirun a wani gefe.

Na gaji, Gimbiya. Gemuna ya fara fari, gwiwata tana ƙara in na tsuguna. Wani lokaci ina cikin taro da masu gadi sai in ji ba abin da nake so sai in zauna a bakin gadonmu kina karanta mini littafinki ina yi miki gardama. Ƙila bayan damina biyu a samu wanda zan miƙa wa. Ƙila. Zan iya cewa ƙanwata ta zo ta taya ki zama kafin nan.

Aikin gyaran rubutun, ban hana ki ba. Na dai kasa rubuta "je ki" da hannuna.

Mijinki.

*

Daga gida, zuwa sansani

Maigida,

Ina gaishe ka da aiki, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Na sa man shafawa a cikin kayan da direba zai kawo, ka shafa, kada ka ba masu gadi. Kowa lafiya a nan.

Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba. Da a littafi ne, da yanzu ka bar komai ka biyo motar nan, in buɗe ƙofa in gan ka jiƙe da ruwa. Na daɗe ina shirya fuskar da zan yi a ranar. Amma mutumin da zai bar dattijon nan da alkawarinsa ya gudo, ba shi na aura ba, kuma ban tabbata zan so shi ba. Ka zauna ka riƙe dajinka. Ban ji haushinsa ba, na dai gaji da zama ina kallon tanki.

Ƙanwarka kuwa a bar ta ta yi karatunta. Me ta yi da za a ɗauko ta a haɗa mu biyu muna jiran mutum ɗaya?

Na je na zauna da Inna na gaya mata komai, tun daga 'yar takardar. Ta yi dariyar aku har da hawaye, ta ce tun kana yaro haka kake, a aike ka sayen gishiri a same ka a gindin bishiya baki a buɗe. Sannan ta goge ido ta ce, "Ke kuma, 'yar nan, sai yaushe za ki yi ta zama kamar an ba ki ajiyar kanki? Garin yayarki ma ya fi kusa da hanyar dajin nasa. In ya fito ya nemi matarsa a can." Na ce ina jin nauyin barin ta. Ta ce ƙanenka da matarsa ba ado ba ne.

Ba rabuwa nake nema ba, ka karanta wannan layin sau biyu, kada mu sake irin ta aku. Matarka ce ni a can kamar yadda nake a nan. In an gina gidajen wajen iyaka, ka rubuto mu yi magana. In ka samu hutu, Yaya ta ce za ta ba ka kujera, amma ba ta yi alkawarin rufe bakinta ba. Wasiƙunka ka riƙa ba direba ya kai shagon littattafai, matar za ta tura mini. Ka rubuta tsuntsayen duka, zan karanta.

Ƙanenka ya kwashe kayanka zuwa gidan Inna. Na mayar wa mai gidan haya makullinsa, ina kwana wurin Inna kafin tafiyata, na kuma ba mai buga littattafan amsa. Ranar Asabar zan tafi wurin Yaya, Litinin in fara aiki.

Matarka.